Ranar Da Na Kife Kan Furar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gaisuwar surukai Kebbe ba, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bari ba. Har yau idan na sauka daga mashin a bakin kasuwarsu sai an sami wani mai dogon baki ya ce a matso mini da kujera mai jingina kada in tuntsure. Nakan taya su dariya, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma abin da nake ce musu a zuci ba zai rubutu ba.

Ina aiki a wani ofishi a Tambuwal wanda ba zan kama sunansa ba, tunda har yanzu can nake cin abinci. Aikinmu bai taka kara ya karya ba. Ka zo da safe ka sa hannu, ka bi ɗaki ɗaki ka gaisa, ka jera fayilolin da ka jera jiya, sannan ka zauna jiran azahar. A cikin wannan zaman ne Nasiru, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya tura mini wani wasa a waya ya ce in rage lokaci da shi. (Na yafe masa, amma ban manta ba.)

Wasan ba bindiga, ba mota, ba 'yan ƙwallo. Wata 'yar ƙwallo ce kamar ta goruba a cikin wani gida mai ɗakuna da lunguna, ana so ka kai ta wani rami. Ba ka da ikon tura ta. Iyakar abin da za ka yi shi ne ka ja yatsa ka juya gidan, duk inda ka mayar ƙasa can za ta faɗa. Bango ya koma daɓe, rufi ya koma bango, ƙofar da kake gani a sama ka wayi gari ita ce rijiya. Ranar farko na ce wasan yara ne. Rana ta uku Oga ya tsaya a kaina yana tambayar wata takarda, na ɗaga masa hannu alamar ya ɗan dakata.

Cikin wata guda na cinye shi kakaf. Da na kai ƙwallon ramin ƙarshe wayar ta yi mini tafi, ta rubuto godiya da Turanci, shi ke nan. Na zauna ina kallon fanka. Wallahi sai na ji kamar an yi mini rasuwa ba wanda ya zo gaisuwa.

Daga nan na shiga neman irinsa, neman da ban taɓa yi wa ƙarin girma a wurin aiki ba. Na rubuta a intanet da iya Turancin da Allah ya hore mini cewa ina son wasan da ake juya ɗaki abu ya faɗi. Na sauke wani, ashe na jera lemo da kankana ne. Na sauke wani, duk juyi ɗaya sai an nuna mini tallar shayin rage tumbi, ni da iska ke neman ɗauka. Akwai wanda ya yi kama da shi sosai amma da rubutun mutanen Sin yake, na yi ta danne-danne har na sa wa ƙwallon hula. Wani kuma ya sa wayata zafin da za a iya toya ƙwai a bayanta. Na je wurin masu caji da tura fina-finai a kasuwa na yi bayani da hannu da ƙafa, mai shagon ya saurare ni tsaf, ya ce yana da na kokawa. Na tambaya a zauren tsofaffin 'yan ajinmu na waya. Wani ya ce in koma dara. Wani ya turo mini addu'ar neman tsari. Mutum shida, kamar sun haɗa baki, suka rubuto cewa in yi aure.

Abin haushin shi ne auren ma ina nemansa. Luba malamar firamare ce a Kebbe, mun shekara biyu da daidaitawa, kuma ina sonta son da ba na iya ɓoyewa. Saura abu ɗaya, mahaifinta ya gan ni ya ce ya yarda. Zan kira shi Alhaji kawai, suruki ba a kama sunansa. Manomi ne kuma mai shanu, yana da wata ɗabi'a da duk garin an san shi da ita. Idan aka kawo masa mai neman ɗiyarsa, ba ya tambayar takardun makaranta ko wurin aiki. Zai sa a shimfiɗa tabarma a zaure, ya kama hira da dattijon da ya rako yaro, ya yi kamar bai ma san da yaron ba, alhali da wutsiyar ido yake auna shi. Haka aka yi wa mazan yayyen Luba duka biyu. An ce ya taɓa sallamar wani ɗan kasuwa saboda ya duba agogo sau biyu.

Luba ta karanta mini dokokin a waya dalla-dalla. In durƙusa, in sunkuyar da kai, kada in motsa, kada in ce uffan sai an tambaye ni, furar da za a kawo kada in sha. Sannan ta ce, "Don Allah wayar nan taka ka bar ta Tambuwal." Har fushi na yi. Na tambaye ta ko yaro ta ɗauke ni.

To, ana saura kwana uku mu tafi, wani tsohon ɗan ajinmu da ke Sakkwato ya turo mini sunan wani wasa, ya ce uban wancan ne. Shi wannan ba a jan yatsa, wayar da kanta ake karkatawa, duk inda ka karkata ta can ƙwallo za ta gangara. Nan take na danna saukewa. Wasan ƙato ne, sabis ɗinmu kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Kwana uku yana jan ciki, ya zo dab da ƙarshe ya tsaya cak.

Ranar Asabar da hantsi Baffa Sahabi, ƙanen mahaifina, ya iso daga Jabo a kan mashin ɗinsa. Na sha farar babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci har tana amo. Wayar na ajiye ta kan katifa, na fita, na rufe ƙofa. Sai na buɗe na koma na ɗauka. Na ce wa kaina ai mashin yana iya lalacewa a daji. (Baffa yana da waya, kuma na sani.)

Muka isa, aka sauke mu a zaure. Alhaji ya fito, dogo ne siriri mai farin gemu, ya rungumi Baffa suka zauna. Ni kuma na sami kusurwa na durƙusa na zauna kan dugadugaina. Aka kawo ƙatuwar ƙwarya cike da fura da nono, an rufe da faifai, aka dire ta gabana. Daga nan hira ta ɓarke. An yi gaisuwa, an sake gaisuwa. An tattauna damina, an shiga ciwon kofato, an bi dangin wani marigayi tun daga Sanyinna har aka gano ashe kakarsa da kakar Baffa 'yan ɗaki ɗaya ne. Ni dai kaina na ƙasa ina ƙirga zaren tabarma, kuma tsakani da Allah na yi ƙoƙari.

Can sai na ji cinyata ta yi ɗan kuka. Ban san akwai ƙarfen sabis dab da gidan Alhaji ba sai ranar. Abin da ya gagari Tambuwal kwana uku, zauren surukina ya gama shi cikin rabin awa.

Na ce a'uzu billahi. Na ƙara cewa. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda Shaiɗan ke kawo wa wanda ya ɗan yi boko. Babbar riga ai ɗaki ce. Idan na janye hannuwana ciki na riƙe waya a ƙirji, na cusa haɓata cikin wuyan rigar, ina ganin komai ba mai ganina. Ba wasa zan yi ba, zan dai duba in tabbatar ya sauka lafiya. Na kashe sauti, na leƙa.

Ya sauka lafiya. Kuma ɗan ajinmu bai yi ƙarya ba, uban wancan ne. Na ce bari in taɓa matakin farko kawai. Ina mataki na uku na ji muryar Alhaji yana cewa, "Sahabi, wanga yaro naku akwai kunya. Tun da munka zauna kai nai na cikin riga." Baffa ya ce ai haka gidanmu yake, tarbiyya ce tun daga tushe. Da ina da sauran hankali da nan na tsaya. Ni kuwa sai na ji daɗi, na ce ashe tsuntsu biyu nake jifa da dutse ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Cikin riga babu filin da za ka karkata waya yadda ya kamata, saboda haka ba tare da na sani ba sai jikina ya karɓi aikin. Ƙwallo za ta hagu, in bi ta hagu. Za ta dama, in bi ta dama. Daga baya Baffa ya ce ya ga ina rangaji, ya ɗauka zikiri nake yi. A mataki na bakwai ramin yana can wani lungu a sama, sai an kwantar da wayar sosai kafin ƙwallon ta zagaya. Na karkata, ta kusa. Na ƙara karkatawa, ta tsaya a bakin lungun tana lilo. Kamar daga nesa na ji Alhaji ya gyara murya yana cewa, "To Sahabi, na ga yaro, kuma abin da nika so in ce..." Ni kuma na ce saura ƙiris.

Ban san ƙafafuna sun daɗe da mutuwa ba sai da na nemi taimakonsu. Na tafi gaba ɗaya kamar buhun da aka jingina ba daidai ba. Akwai wani ɗan taƙi da zan iya sakin wayar in dafa ƙasa, kuma ina shaida muku a yau cewa wayar na zaɓa. Kafaɗata ta sauka kan bakin ƙwaryar, ita kuma ta yi tsalle ta kife mini a ka. Wayar da na kare da mutuncina ta suɓuce ta ƙasan riga, ta yi ta sululu kan tabarma sai da ta daki babban yatsan Alhaji.

Zauren ya yi tsit, sai ɗigar nono daga hulata. Daga cikin gida na ji wata mata ta toshe bakinta bai toshu ba. Wata kaza ta shigo ta fara tsattsagar gayan fura a gefen gwiwata. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Baffa, Allah ya saka masa, ya yi maza ya ce jiri ne, yaron bai karya kumallo ba. Alhaji bai kula shi ba. Ya ɗauki wayar ya ƙura mata ido, ƙwallon na ta gangara tana komowa.

"Yaro, mi a wanga?"

"Aikin ofis ne, Baba."

"Awo. Ofishin naku ƙwallo kuka kiwo?"

Nan na gane ƙarya ta ƙare. Na faɗa masa gaskiya da fura a girata: wasa ne, ana so a kai ƙwallon cikin ramin can, na gama wani irinsa, na fi wata biyu ina neman madadinsa, yau ya sauka. Ya riƙe wayar da hannu biyu yadda mata ke riƙe faifai wurin bakace, ya ɗan kaɗa ta nan, ya kaɗa ta can. Sai kawai ya ɗaga ta sama ya kife ta yana leƙe ta ƙasa. Ƙwallon ta faɗa rami. Ya ce abin da ya ƙi fita ta gefe ai kife shi ake yi, duk mai gora ya san wannan. Sannan ya miƙo mini kayata.

"Ka wahal da kanka wata biyu, da ka tambaye ni. Ina da irinai. Ka zo Assabar mai zuwa da sassafe, ka bar babbar riga gida."

Maganar aure kuwa bai ce komai ba. Ya tashi ya shige gida.

Tun daga Kebbe har Tambuwal Baffa bai ce mini kanzil ba, ƙudaje ne kawai suka rako ni da hira. Da ya sauke ni ya ce shekararsa sittin da wani abu, ya raka yara neman aure ba adadi, bai taɓa fitowa daga zauren mutane yana ba kaza hanya ba sai yau. Da la'asar Luba ta kira. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta ce furar nan Inna ce ta dama da hannunta tun da asuba, nonon kuma na saniyar da Baba ya fi so ne. Ta ce shekara biyu tana gaya wa 'yan gidansu cewa ni mai natsuwa ne. Sannan ta ce idan Baba ya ce a'a, ba za ta tsallake maganarsa ba. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na san Luba ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Satin nan ko kallon wasan ban yi ba.

Asabar na isa da tsohuwar riga. Lokacin kaka ne. Alhaji ya ja ni gonarsa bayan gari, ya nuna mini tulin dammunan gero, ya nuna amalanke da bijimai biyu, ya nuna hanyar da ta bi ta wani gangare da ramuka har gida inda rumbu yake. Ya ce ga ƙwallona, ga ramina. In loda su duka a tafiya ɗaya, kada dami ko ɗaya ya taɓa ƙasa. Shi zai ja shanun.

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Na jibga su yadda nake jibga fayil. Bijimai suka yi taku goma, rabin kayan ya zube. Alhaji ya tsaya ya ce, "Sake." A waya sakewa yatsa ɗaya ne. A gona sai ka sauke komai, ka sunkuya ka ɗaga kowane dami, ƙaiƙayi na shiga wuyanka. Na biyu ya kai bakin gangaren ya watse. Na uku na ɗaure da igiya tamau ta gefe guda, sai kayan suka zame gaba ɗaya cikin haɗin kai. Kafin azahar labari ya kai gari, masu wucewa suka faka mashinansu suna ba ni shawarwari masu karo da juna. Wani ya tambaya da ƙarfi ko ni ne na furar. Na huɗu a kaina ya sauka.

Na zauna a ƙasa, tafukana sun yi bororo sun fashe, na hango hanyar Tambuwal. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin bin ta. Sai na tuna muryar Luba. Na tashi na zagaya amalanken a hankali, na je na taka gangaren da ƙafata in ga ta ina yake karkata, don in san ina ne zai zama ƙasa idan mun iso wurin. Na dawo na faɗaɗa gindin lodin, na juya kawunan dammunan ciki, na giciye kowane layi kan na ƙasansa, na ƙara nauyi ta gefen tudu, na ja igiya ta ɓangare biyu. Muka tafi ina bin kayan ina salati. Ana kiran la'asar muka tsaya gindin rumbu, ba abin da ya faɗi sai ni, da na zube a inuwa.

Alhaji ya kwance shanunsa ya ba su ruwa tukuna, sannan ya zo ya tsaya a kaina.

"Ba wasan ya ɓata mini rai ba. Kowa da shirmen da shika yi. Na yabi kunyarka gaban baƙo, ka ji ni, ka bar ni ina yabon waya. Wannan shi ya yi mini ciwo."

Wannan magana ta fi furar kunyata ni, don a nan ba mai dariya. Na ce ya yafe mini, idona ya kawo ruwa. Ya dubi lodin ya dube ni.

"Amma kaya sun faɗo maka sau fuɗu ba ka gudu ba. Ka ce ma Sahabi shi zo a sa rana."

Aka kawo fura daga cikin gida. Wanda ya aiko ta ya sa an ajiye ta nesa da ni, kusan taku biyar, kuma na san aikin Luba ne.

Yau muna da 'ya'ya biyu. Har yanzu nakan taɓa wasan idan ofis ya yi shiru, amma na daina neman irinsa, don irinsa ne ke nemana. Duk kaka Alhaji sai ya kira ɗiyarsa ya ce ta shaida wa mijinta an ƙaro sabon mataki, bana har da dawa. Ban taɓa samun bakin cewa ba ni zuwa ba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka gaida suruki, ka bar hannuwanka a waje inda kowa zai gan su. In kuma ka gama wani wasa kana neman irinsa, ka tambayi intanet, ka tambayi masu caji, ka tambayi duk wanda ka ga dama, amma kada ka bari mai gona ya ji.